Biyan kuɗin kallo wata-wata ko sayen faifai: wanne ya fi wa magidanci?

Baban Sadiya, Zariya

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar 'yan'uwa a kan wata magana da ta taso a gidana, wadda na tabbata ba ni kaɗai take damu ba. Tun zamanin kaset nake sayen fina-finai ina ajiyewa, da faifai ya shigo kuma na koma kansa, har ta kai ina da kwalaye cike da fina-finan Hausa da na Indiya da na tarihin Musulunci, tare da wasu na yara da nake saya wa ƙanana. A kwanakin baya na'urar DVD ɗinmu ta daina karanta faifai, mai gyara ya duba ya ce idon da ke karantawa ne ya mutu, kuma abin da za a kashe wajen nemo wani ya kusa kuɗin sabuwar na'ura.

Manyan yarana suka ce kada in sake zuba kuɗi a kan abin da zamaninsa ya wuce. A ganinsu, gara in riƙa biyan kuɗin wata-wata a ɗaya daga cikin manhajojin kallo, mu haɗa talabijin da intanet, kowa ya zaɓi abin da yake so daga cikin dubban fina-finai. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin ni kaina na san yawancin faya-fayan da na saya sau ɗaya aka kalle su aka ajiye, kuma na daɗe ban ga sabon fim ɗin Hausa mai kyau a faifai ba. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Faifan da na saya nawa ne, ina iya ba maƙwabci aro, ina iya kallonsa ko da watan ya zo da matsi, ba ya buƙatar data, kuma na san abin da ke cikinsa kafin yara su gani. Shi kuwa biyan wata-wata, a iya fahimtata, ranar da ka daina biya ranar ka rasa komai, ko da ka shekara goma kana biya.

Tambayata ga waɗanda suka gwada hanyoyin biyu ita ce: idan aka haɗa kuɗi da kwanciyar hankali da tarbiyyar yara, wace hanya ce ta fi dacewa da gida mai mutum takwas? Shin akwai hikima a ci gaba da tara faifai, ko kuwa lokaci ya yi da zan haƙura da shi? Allah Ya saka da alheri.

Tsohon Mai Shagon Kaset, Kano

Wa alaikumus salam. Malam, tambayarka ta taɓa sana'ar da na ci abinci da ita shekaru masu yawa, saboda haka ka yi mini uzuri idan na tsawaita.

Abu na farko da nake so matasa su sani shi ne, haya ba sabon abu ba ne a wannan harka. Tun da aka fara fina-finan bidiyo na Hausa a Kano a 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, akwai masu saye kuma akwai masu karɓar haya, kuma masu hayar sun fi yawa nesa ba kusa ba. Kusan kowace unguwa tana da shagon da ake bayar da kaset, a rubuta sunan gida a littafi, yaro ya kai wa matan gida su kalla, washegari ya dawo da shi. Mu masu shaguna muna zuwa Ƙofar Wambai ko Bata mu saro, kaset ɗaya ya zaga gidaje masu yawa kafin zarensa ya gaji. Saboda haka abin da yaranka suke kira sabon zamani, tsohuwar haya ce ta dawo ta cikin waya. Bambancin da nake gani shi ne, a da idan fim ya burge uwargida sai ta aiko a saya mata nata na ajiya, ƙofar saye tana buɗe kusa da ƙofar haya. Yanzu ƙofar sayen ce aka rufe.

Yadda aka rufe ta kuwa ba a rana ɗaya ba ne. A zamanin kaset, furodusa yakan buga kwalin fim ɗinsa ya kawo wa 'yan kasuwa tare da uwar kaset, su kuma su gurza su sa a kwali su sayar, ribarsa tana ga yawan kwalin da ya shiga. Da faifan CD ya shigo, gurzawa ta zama abu mai sauƙi da arha ƙwarai, har ya zama duk mai kwamfuta yana iya kwafar fim a ɗakinsa. Daga nan sai faya-fayan da ake cusa wa fina-finai da yawa a guda ɗaya suka cika kasuwa, sai fassarar fina-finan Indiya zuwa Hausa ta zo ta janye masu kallo da yawa, sai kuma masu tura fina-finai a waya suka buɗe rumfuna a kowace kwana, inda mutum zai miƙa memori a cika masa da kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, mutane suka saba da fim mai dogon zango da ake bi mako-mako ba tare da an sayi komai ba. Furodusoshi suka duba suka ga wanda ya zuba kuɗinsa ya buga faifai ba ya mayar da uwar kuɗi, sai suka koma YouTube da gidajen talabijin da silima da manhajoji irin su Northflix. Mu kuma muka rufe shaguna, wasu suka koma sayar da kayan waya, wasu suka bar kasuwar gaba ɗaya.

Na kawo wannan tarihi ne domin in nuna maka cewa, game da sababbin fina-finan Hausa, zaɓin da kake tambaya a kai kusan babu shi. Ko kana da kuɗin saye, ba za ka sami faifai na asali da za ka saya ba. Wanda za ka gani a bakin titi, in ma ka gani, galibi wani ne ya sauke daga intanet ya gurza, kuma ko sisi ba ya isa hannun waɗanda suka sha rana suka yi aikin. Idan niyyarka ita ce kuɗinka ya amfani masu sana'ar, kallo a tasharsu ta YouTube ko biyan kuɗi a manhajar da suka sa fim ɗin ya fi sayen irin wannan faifai.

Amma game da tsofaffin da ke cikin kwalayenka, ina roƙonka da girman Allah kada ka zubar, kada kuma ka bari yara su mayar da su abin wasa. Da yawa daga cikin fina-finan da aka yi tsakanin 1990 da shekarun farko na 2000 ba su kan kowace manhaja, kuma na san furodusoshin da su kansu ba su da kwafin aikinsu, domin uwar kaset ɗin ta lalace ko ta ɓace a wajen ƙaura. Kamfanin da ke wata ƙasa ba zai adana mana su ba, tun da ba ya ganin riba a cikinsu. Mai yiwuwa ne wani faifai da ke hannunka yana cikin 'yan kaɗan da suka rage a duniya. Shawarata ita ce ka sayi na'urar, ba don ka ci gaba da tara sababbi ba, sai don abin da ka riga ka mallaka ya ci gaba da amfani.

Maman Yusra, Amurka

Assalamu alaikum. Baban Sadiya, Allah Ya ƙara arziki. Alhaji mai shago ya yi bayanin gida, ni kuma bari in faɗi abin da na gani a nan, domin ƙasar nan ce ta fara bin wannan hanya, kuma ta kai inda za a iya ganin ƙarshenta.

Mutane da yawa ba su san cewa Netflix, babban kamfanin nan na kallon fina-finai ta intanet, da faifai ya fara ba. An kafa kamfanin a 1997, a 1998 ya fara aika wa mutane faifan DVD ta gidan waya, a 1999 kuma ya shigo da tsarin biyan wata-wata. Mutum yakan jera sunayen fina-finan da yake so, a aiko masa a jan ambulan, ya kalla a lokacin da ya ga dama, ya mayar, a aiko masa na gaba, babu tarar jinkiri. Wannan tsari ne ya karya manyan shagunan haya irin su Blockbuster, wanda a 2004 yake da shaguna fiye da 9,000, amma a 2010 ya bayyana karyewarsa a kotu, yanzu shago ɗaya tak ya rage a garin Bend na jihar Oregon. A wancan lokaci mutane da yawa sun daina sayen faifai, suna cewa me zai sa in sayi abin da zan iya sa a aiko mini duk ranar da na so. Maganarsu gaskiya ce a lokacin, domin rumbun faya-fayan Netflix ya ƙunshi tsofaffin fina-finai da na ƙasashe daban-daban waɗanda ba a samu a shagon unguwa.

Sai dai Netflix ya fara nuna fina-finai ta intanet a 2007, hankalinsa ya koma can, kuma a ƙarshen Satumban 2023 ya rufe sashen faifai baki ɗaya, bayan ya aika faya-fayai fiye da biliyan 5. A 2024 akwatunan haya na Redbox da ke bakin manyan kantuna su ma suka mutu, kantin Best Buy kuma ya daina sayar da fina-finai a faifai. Wanda ya dogara da haya ya wayi gari babu inda zai karɓo, kuma abin da ke kan intanet bai kai yawan abin da ke rumbun faifan ba, domin kowane fim sai an yi yarjejeniya da mai shi na wani ƙayyadadden lokaci, idan wa'adi ya cika a sauke shi. Kusan kowane babban kamfanin fim ya buɗe tasa manhajar ya janye kayansa, har ya zama gida ɗaya yana biyan wurare uku ko huɗu kafin ya sami abin da a da yake samu a wuri ɗaya. A 2023 Disney ya cire gomman fina-finai da shirye-shirye daga manhajarsa domin rage kashe kuɗi, wasunsu kuma ba a taɓa buga su a faifai ba.

Akwai wani abu da ya fi wannan ɗaure kai, wato ko fim ɗin da mutum ya biya kuɗi ya saya a kan intanet ba mallakarsa ba ne a doka, izinin kallo kawai aka ba shi, kuma ana iya janyewa idan yarjejeniyar kamfanoni ta ƙare. Matsalar ta yi yawa har jihar Kalifoniya ta yi doka a 2024 da ke tilasta wa masu sayarwa su bayyana wa mai saye hakan a fili. Faifai kuwa kana iya sayar da shi, ka yi kyauta da shi, ka bayar aro, magada su gada. Hausawa suka ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma a wannan fage na ga gaskiyar maganar.

Duk da haka ba zan ce maka ka guji biyan wata-wata ba, domin ni ma ina biya. Abin da muke yi a gidanmu shi ne, manhaja ɗaya muke riƙewa a lokaci guda, idan muka gama abin da ya kai mu sai mu dakatar, wani lokaci mu yi watanni babu ko ɗaya. Fina-finan da yara suke maimaitawa, da waɗanda ni da maigida muka san za mu so mu sake gani bayan shekaru, su muke saya a faifai, galibi na hannu, waɗanda suka yi arha sosai tun da mutane suka fara rabuwa da su. Sauran kuma muna aro kyauta a laburaren gari. Na san wannan dama ta ƙarshe babu ita a gida, kuma abin yana damuna, domin da laburarorinmu na jihohi suna ajiye fina-finan Hausa da rabin wannan matsala ta kau.

Ƙarin bayani ga mai son a aiko masa da faifai daga waje: an raba duniya shiyya-shiyya a tsarin DVD, Amurka tana shiyya ta 1, Turai ta 2, Najeriya da Nijar da Indiya kuma suna ta 5. A tabbatar na'urar da za a saya tana karanta kowace shiyya.

Injiniya Mai Gyaran Kwamfuta, Kaduna

Baba, barka da ƙoƙari. Ni ta fuskar lissafi da na'ura zan duba maganar, domin akwai kuɗin da ƙannena, wato yaranka, ba su sa a lissafinsu ba, akwai kuma haɗarin da masu son faifai ba su cika ambata ba.

A Najeriya kuɗin manhaja ba shi ne babban kuɗi ba, data ce. Bisa ƙiyasin da Netflix da kansa yake bayarwa, kallon awa ɗaya a matsakaicin hoto yana cin kusan gigabait 1, a hoto mai kyau yana kai wa gigabait 3, a mafi kyawu kuma har 7. Idan iyali suna kallon fim ɗaya mai awa biyu kowane dare a matsakaicin hoto, ana maganar gigabait 60 ke nan a wata, kuma wannan talabijin ɗaya ne, ba a sa wayoyin yara ba. A gida mai mutum takwas ba za a tsaya a nan ba. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100, su ma manhajojin ƙasashen waje sun yi ta ƙara nasu tun da darajar naira ta faɗi. Saboda haka kafin ka amince, ka sa yaran su rubuta maka kuɗin manhaja da na data na wata goma sha biyu a takarda, ka ajiye kusa da kuɗin na'urar DVD, sannan ka yanke hukunci. Ka kuma gwada ƙarfin sabis a ɗakin da talabijin yake da daddare, lokacin da kowa yake kan layi, domin fim ɗin da ke tsayawa kowane minti biyar ba ya kalluwa ko nawa aka biya.

Akwai hanyar rage wannan kashe kuɗi, wato a sauke fim a cikin manhajar lokacin da data take da rangwame, a kalla daga baya. Amma a sani cewa abin da aka sauke ta wannan hanya a kulle yake, ba a iya tura shi wata na'ura, yana da wa'adi, kuma yana rufewa idan biyan kuɗi ya tsaya.

Ta ɓangaren faifai kuma, ina girmama maganar Alhaji, amma dole in faɗa cewa faifai ba ya dawwama, musamman irin wanda ya fi yawa a kasuwanninmu. Iri biyu ne. Akwai wanda aka buga a masana'anta, bayansa fari kamar azurfa, wannan yana iya daɗewa sosai idan an kula da shi. Akwai kuma wanda aka gurza a kwamfuta, wanda bayansa yakan yi shuɗi-shuɗi ko ruwan hoda mai duhu, shi kuma bayanan suna kan wani rini ne da zafi da hasken rana suke lalatawa a hankali. A ɗakin da ke ɗaukar zafin watan Afrilu, irin wannan faifai yana iya mutuwa yana cikin kwalinsa ba tare da ko ƙarzane ɗaya ba. Ko na masana'antar ma ba shi da tabbas ɗari bisa ɗari, domin a 2025 kamfanin Warner Bros ya amsa cewa wasu faya-fayansa da aka buga tsakanin 2006 da 2008 suna ruɓewa.

Saboda haka abin da ya fi sayen na'urar falo muhimmanci shi ne ka sami mai kwamfuta da ke da wurin sa faifai, ko ka sayi ƙaramar na'urar da ake jonawa ta USB, a kwafe faya-fayanka na asali zuwa rumbun ajiya na waje domin amfanin gidanka. Faifan DVD na yau da kullum yana ɗaukar gigabait 4.7, na CD kuwa bai kai gigabait ɗaya ba, shi ya sa ake raba fim gida biyu a zamaninsa. Rumbu mai terabait 1, wato gigabait 1,000, zai ɗauki faifan DVD wajen 200, na CD kuma fiye da 1,000. A yi kwafi biyu a ajiye a wurare daban-daban, domin shi ma rumbun yana mutuwa, kuma idan ya mutu da komai yake tafiya. A fara da faya-fayan da suka fi tsufa da waɗanda aka gurza. Wajen gogewa a yi amfani da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, a jera su a tsaye cikin kwalinsu nesa da taga, a kuma riƙa rufe na'urar lokacin hunturu, domin ƙura ce take kashe idon da mai gyaranka ya ambata.

Malama Uwar Marayu, Katsina

Assalamu alaikum. Na karanta bayanan da suka gabata na ƙaru ƙwarai, amma na ga an wuce batun tarbiyya da sauri, alhali shi ne ya fi damuna a matsayina na uwa kuma malamar makaranta.

Faifai yana ƙarewa. Idan fim ya ƙare, sai wani ya tashi ya canza, kuma a wannan ɗan tsakani ne uwa take cewa ya isa, a tashi a yi sallah, a duba littafi. Manhaja kuwa an gina ta ne domin kada a tashi, kashi na gaba yana farawa da kansa kafin a yi shawara, kuma tana jera wa yaro hotunan wasu fina-finai da ba wanda ya zaɓa masa. Ina ganin sakamakon haka a aji da safe, a idon yaran da ba su yi barci ba. Fim ɗin Hausa da aka fitar a Kano ta hanyar da ta dace yana bi ta Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, ko da mutum yana da ƙorafi a kan aikinta. Abin da ke zuwa daga waje ta intanet kuwa babu wanda ya tace shi da ma'auninmu.

Na san akwai sashen yara da lambar sirri a manhajojin, kuma ina ba duk wanda zai shiga shawarar ya kunna su tun ranar farko, ya kashe tsarin da ke sa fim na gaba ya fara da kansa, lambar kuma ta zauna a hannun uba da uwa kaɗai. Amma abin da kamfani ya ɗauka ya dace da ɗan shekara goma sha uku ba lallai ne ya zama abin da mu muka yarda da shi ba. Malam, idan za ka biya, ka bar shi a talabijin ɗin falo inda kowa yake gani, kada ka yarda a raba shi a wayoyi a shige ɗaki da shi.

Ina da tambaya ga Alhaji mai shago. Ka ce wasu furodusoshi ba su da kwafin aikinsu. Shin babu wata hukuma da ke tattara waɗannan fina-finai, ta yadda mai irin kwalayen Malam zai san inda zai kai su?

Tsohon Mai Shagon Kaset, Kano

Malama, Allah Ya saka miki da alheri, kin taɓo inda yake mini ciwo. Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda hedikwatarta take Jos, tana da ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa, kuma amfanin irin wannan wuri ya bayyana a kan fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya ɓace, sai aka gano zarensa a cikin kayan hukumar, aka gyara shi tare da taimakon wata cibiya a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Wannan fim ne guda da gwamnati ta san da zamansa, kuma duk da haka sai da ya yi shekaru kusan arba'in a ɓoye. Fina-finan bidiyo na Kano da Kaduna da Jos kuwa dubbai ne, 'yan kasuwa ne suka yi su da kuɗin aljihunsu, kuma yawancinsu a gidajen mutane suka watsu. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun yi shekaru suna rubutu a kan wannan masana'anta, amma aikin tattara kaset da faifai ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Abin da nake ba Malam shawara, bayan ya yi kwafin da Injiniya ya bayyana, shi ne ya zauna da yaran su rubuta sunan kowane fim da kamfanin da ya yi shi da shekarar da ke jikin kwali, kuma kada a yar da kwalin ko da faifan ya mutu, domin sau da yawa a nan kaɗai ake samun sunayen waɗanda suka yi aikin. Idan ya ga fim ɗin da mai shi yana raye, ya neme shi ya sanar da shi cewa akwai kwafi, domin shi ne mai haƙƙin sa shi a YouTube ko a manhaja, ba mu ba. Sassan nazarin Hausa da na aikin jarida a jami'o'inmu, har da ta Ahmadu Bello da ke kusa da shi a Zariya, wurare ne da ya dace a tuntuɓa a ji ko suna karɓa.

Game da gyaran da Injiniya ya yi mini kuwa, na karɓa, gaskiya ya faɗa. Yawancin abin da muka sayar a shekarun ƙarshe gurzajje ne, kuma shi ya kamata a fara kwafewa kafin zafin bazara mai zuwa.